Yadda Ake Zaɓen Roba Mai Zuƙe Iskar Oksijin Ba Tare da An Ɓata Gorar da Za a Sake Sarrafawa Ba

Duk wanda ya taɓa ɗura ruwan lemo a gorar roba ya ajiye shi wata uku ko huɗu, sannan ya buɗe ya tarar launinsa ya dusashe ya koma ƙasa-ƙasa, ɗanɗanonsa kuma ya gushe, to ya riga ya ga aikin iskar oksijin da idonsa. Gorar PET, wato robar nan garai-garai mai ɗauke da lamba 1 a gindinta, tana riƙe ruwa sarai, amma ba ta iya hana iska ratsa jikinta gaba ɗaya. Ƙwayoyin oksijin suna kutsawa ta bangonta sannu a hankali, dare da rana, ko da murfin ya ɗauru tam. Kwalba da gwangwani ba su da wannan rauni a jikinsu, shi ya sa tun bayan da Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont ya sami haƙƙin mallakar fasahar gorar PET a 1973 masana suke ta neman dabarar toshe wannan kafa. Ɗaya daga cikin dabarun da suka fi tasiri ita ce a sanya wa robar wani sinadari da ke kama oksijin ya haɗe da ita kafin ta kai ga abin da ke cikin gorar. Wannan sinadari shi zan riƙa kira mazuƙi a cikin wannan bayani.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai masana'anta ya riƙe a zuciya tun daga farko. Abin da aka cuɗa a jikin roba ba ya ɓacewa idan mai saye ya shanye abin sha ya jefar da gorar. Yana bin ta zuwa wurin masu sake sarrafawa, a niƙa su tare, a wanke su tare, a narkar da su tare da dubban goruna da ba su ɗauke da shi, kuma idan mazuƙin bai dace ba, sai ya rina tarin gaba ɗaya da launin rawaya ko ya sa masa hazo. Lambar 1 da ke gindin gora tana nuna irin robar da aka yi ta da ita ne kawai, ba ta shaida cewa gorar za ta koma sabuwar gora mai kyau. Saboda haka aikin yana da fuska biyu da ba a raba su: a kare abin da aka ɗura, a kuma bar robar cikin halin da za ta sake amfani.

A fara da lissafin oksijin

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kira mai sayar da sinadari kafin a san yawan oksijin da ake faɗa da ita da kuma inda take fitowa. Hanyoyinta uku ne manya. Akwai wadda ta riga ta narke a cikin abin shan kafin a ɗura shi, akwai wadda aka rufe a cikin sararin da ke tsakanin saman ruwan da murfi, sannan akwai wadda za ta ci gaba da shigowa ta bangon gora da ta gefen murfi har ranar da za a buɗe. Ita kanta robar tana ɗauke da ɗan abin da ya shiga jikinta tun tana ajiye babu komai a ciki, kuma wannan ma yana komawa cikin ruwan a kwanakin farko.

Mu ɗauki gora mai rabin lita, mu yi lissafin a fili. Idan an bar sarari na mililita 25 a wuyanta cike da iskar gari, tunda oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari ce ta iskar da muke shaƙa, an rufe mililita 5 da ɗan ɗoriya na oksijin ke nan a ciki. A zafin ɗaki na digiri 20, mililita ɗaya ta oksijin tana da nauyin kusan miligiram 1.3, don haka wannan sarari kaɗai ya kawo kusan miligiram 7. Ruwan da ya cuɗanya da iska sosai a wannan zafin yana riƙe kusan miligiram 9 a kowace lita, wato miligiram 4.5 a rabin litarmu. Sai kuma abin da ke ratsa bango, wanda dole a auna shi a kan ainihin gorar da za a yi amfani da ita. A ce, don misali kawai, ma'aunin ya nuna mililita 0.04 a rana. Cikin kwana 180 an sami mililita 7.2, wato miligiram 9 da wani abu. Idan aka tara su an haura miligiram 20, kuma abin lura shi ne fiye da rabin wannan adadi ya shiga ne tun ranar ɗurawa, ba ta bango ba.

Domin a gane nauyin wannan adadi, a tuna cewa miligiram ɗaya na oksijin yana iya lalata kusan miligiram 11 na bitamin C idan ya haɗu da shi gaba ɗaya. Ma'ana, oksijin da muka lissafa ta isa ta cinye bitamin C mai yawa ƙwarai daga abin da aka rubuta a jikin takardar gorar, kuma bayan bitamin ɗin ya lalace ne launin ƙasa-ƙasan ke biyowa. Kayayyaki sun bambanta wajen haƙuri. Giya tana daga cikin mafi rauni, domin oksijin da ba ta wuce kusan miligiram ɗaya a lita ba tana iya sauya ɗanɗanonta, alhali ruwan 'ya'yan itace yana jure abin da ya ninka haka sau goma ko fiye, ruwan sha zalla kuwa ba ya bukatar wannan kariya ko kaɗan. Don haka a tantance abu biyu a rubuce kafin a matsa gaba: iyakar oksijin da kayan za su iya ɗauka kafin mai saye ya ji bambanci, da kuma tsawon wa'adin da ake so su kai a kan kanta. A kuma yi hattara da ƙananan goruna, domin gwargwadon ƙanƙantar gora gwargwadon yawan faɗin bangonta idan aka kwatanta da abin da ke cikinta, don haka gora mai mililita 250 ta fi ta lita ɗaya saurin shan wahala.

A rage abin da za a iya ragewa kafin a sayi sinadari

Tunda lissafi ya nuna cewa kaso mai tsoka yana shiga ne a wurin ɗurawa, hankali ya ba da cewa a fara gyara nan. Ana cire iskar da ta narke a cikin abin sha da injin da ke tsotse ta a cikin tanki marar iska, ko a busa naitirojin ta cikin ruwan ta kore ta. Ana rage sararin wuya, ana kuma ɗiga ɗigon naitirojin mai ruwa-ruwa a cikin gorar daf da rufewa, ya tafasa nan take ya tura iskar gari waje. A duba murfin shi ma, a tabbata injin ɗaurewa yana matse shi daidai gwargwado, domin babu amfanin bango mai ƙarfi idan ƙofa a buɗe take. Duk miligiram ɗin da aka hana shiga ta waɗannan hanyoyi, miligiram ne da ba sai an sayi mazuƙi domin sa ba, kuma ba sai mai sake sarrafawa ya yi fama da ragowarsa ba. Na sha ganin inda wannan gyara kaɗai ya sa wa'adin da ake nema ya samu da gora ta PET zalla, ko kuma da ɗan ƙara mata kauri.

A san bambancin shinge da mazuƙi, a kuma san iyalan mazuƙan

Shinge yana rage gudun shigar iska ne kawai, ba ya cin ta. Misalinsa shi ne wata roba mai suna EVOH, wadda kamfanin Kuraray na Japan ya fara sayarwa a 1972, da nailan nau'in MXD6 na kamfanin Mitsubishi Gas Chemical. Shinge ba ya ƙarewa, amma ba ya taɓa mayar da shigar iska sifili. Mazuƙi kuwa yana iya tsayar da shigar kusan gaba ɗaya, har ya janyo wani abu daga oksijin da ke cikin gorar, sai dai yana da ciki mai iyaka: ranar da ya ƙoshi, gorar ta koma tamkar ba a sa mata komai ba. Haka kuma mazuƙi ba ya hana iskar gas ɗin lemon kwalba fita, ba ya kuma tare haske, don haka abin sha mai gas ko madarar da haske ke ɓata ta suna bukatar wata kariyar dabam.

Iyali na farko, kuma ɗaya daga cikin mafi daɗewa a kasuwa, shi ne garin ƙarfe, wanda Mitsubishi Gas Chemical ya fito da shi a cikin 'yan ƙananan jakunkuna da sunan Ageless a 1977. Aikinsa tsatsa ce kawai da aka hanzarta, kuma a lissafi giram ɗaya na ƙarfe yana iya cin kusan mililita 300 na oksijin. Yana bukatar danshi kafin ya fara aiki, yana kuma duhunta roba, saboda haka bai dace da gora garai-garai ba, amma ana saka shi a tsakiyar bangon faranti ko kofin roba marar haske da ake dafa abinci a cikinsa bayan an rufe.

Iyali na biyu shi ne nailan MXD6 da aka haɗa da ɗan gishirin wani ƙarfe mai suna kobalt. Kobalt ɗin ba ya cin oksijin da kansa, ingiza nailan ɗin yake yi ya haɗu da ita. Wannan ita ce fasahar da aka sani da Oxbar, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1980. Tana da ƙarfi, tana kuma taimakawa wajen riƙe gas saboda nailan ɗin shi kansa shinge ne, amma ita ce ta fi ba masu sake sarrafawa ciwon kai, domin nailan da PET ba sa narkewa su zama abu ɗaya. Idan aka hura gorar, ɗigo-ɗigon nailan da ke warwatse a cikin PET suna karkatar da haske su haifar da hazo, idan kuma aka sake narkarwa sai launin rawaya ya bayyana ƙarara.

Iyali na uku shi ne robar da aka saƙa wa guntayen sinadari masu saurin haɗuwa da oksijin, irin su folibutadayin, su ma tare da kobalt. Sanannen misali shi ne Amosorb, wanda ya samo asali daga kamfanin Amoco, daga baya ya koma hannun ColorMatrix. Ana cuɗa shi kaɗan a cikin PET, ba ya kawo hazo kamar nailan, amma shi ma yana iya jawo rawaya idan an yawaita shi, kuma tunda aikinsa konewa ce a hankali, yana iya barin ƙananan sinadarai masu wari da ya wajaba a bincika ko sun kai ga abin sha.

Iyali na huɗu yana zaune ne a cikin murfi. Mafi sauƙinsa shi ne shimfiɗar cikin murfi mai ɗauke da salfait ko dangin bitamin C, wadda tururin abin shan ke tayar da ita ta shanye oksijin da ke wuya. Akwai kuma dabara mai ban sha'awa, irin ta HyGuard, inda murfin ke sakin haidurojin kaɗan-kaɗan idan ya ji danshi, haidurojin ɗin ya bazu har cikin bango, inda ɗan ƙanƙanin wani ƙarfe mai suna faladiyam ke haɗa shi da oksijin mai shigowa su zama ruwa.

A zaɓi wurin da za a sa shi

A ganina wannan ita ce shawara mafi muhimmanci a cikin aikin duka, kuma ba za a fahimce ta ba sai an san abin da ke faruwa da gora a masana'antar sake sarrafawa. Da farko na'ura mai gane nau'in roba da hasken infared tana ware gorunan PET. Sannan a niƙa su su zama ɓarɓashi, a wanke da ruwan zafi mai kusan digiri 80 zuwa 85 da kostik soda, a zuba a cikin tankin ruwa. PET ya fi ruwa nauyi, kusan giram 1.38 a kowace mililita, don haka yana nutsewa, murfi kuwa da ake yi da folietilin ko folifirofilin ya fi ruwa sauƙi, sai ya taso sama a kwashe shi dabam. Daga nan a busar da ɓarɓashin, a narkar da shi a zafin da ya kai digiri 270 zuwa 290, a tace, a mayar da shi ƙwayoyi, sau da yawa kuma a sake gasa ƙwayoyin na sa'o'i masu yawa a sama da digiri 200 domin ƙarfin robar ya dawo. Kowane zafi daga cikin waɗannan dama ce ga ragowar mazuƙi ta ƙone ta canza launi.

Da wannan a zuciya, tsarin fifiko ya fito da kansa. Abin da aka sa a murfi yana rabuwa da PET a tankin ruwa ba tare da wahala ba, don haka idan lissafi ya nuna cewa babbar matsalar tana wuya ne, to murfi mai zuƙa shi ne farkon abin gwadawa. Idan bango ne ke yoyon iska, sai a duba shafen cikin gora, inda ake lulluɓe cikinta da wani siririn gilashi ko kabon wanda ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, kamar yadda injinan Plasmax na KHS da Actis na Sidel suke yi. Wannan shinge ne, ba mazuƙi ba, kuma shafen gilashin yana wankuwa a ruwan kostik soda ya bar PET tsaf. Matsalarsa ita ce injin yana bukatar jari mai nauyi, wanda ƙaramar masana'anta ba lallai ta iya ɗauka ba. Haɗa shafen ciki da murfi mai zuƙa yana ba da kariya mai ƙarfi tare da barin jikin gorar kusan PET zalla.

Idan dole sai an sa mazuƙi a bango, akwai hanya biyu. Ko dai a yi bango mai hawa uku, mazuƙin yana tsakiya PET yana ciki da waje, ko a cuɗa shi cikin robar baki ɗaya. Mai hawa-hawa yana da fa'idar cewa mazuƙin ba ya taɓa abin sha kai tsaye, kuma idan ba a manne hawan da gam ba, wani ɓangare na tsakiyar yana ɓarewa a wurin niƙa iska ta kwashe shi, ko da yake ba duka ke fita ba. Cuɗawa baki ɗaya ta fi sauƙi, ana yin ta da injin da ake da shi, amma duk abin da aka zuba zai shiga tukunyar mai sake sarrafawa ba tare da ragi ba. A nan ƙa'idar ita ce a zuba mafi ƙarancin adadin da zai kai kayan ga wa'adinsu, tare da ɗan rarar kariya, maimakon a cika domin kwanciyar hankali. Gorar da za ta yi wata huɗu a kasuwa ba ta bukatar mazuƙin shekara guda.

A gwada sake sarrafawar kafin a amince

Kada a tsaya ga kalmar mai sayarwa cewa sinadarinsa ba ya hana sake sarrafawa. A nemi takardar shaida daga ƙungiyoyin da ke wannan tantancewa, wato EPBP da RecyClass a Turai, ko APR a Amurka, a kuma karanta sharuɗɗan da ke cikinta da kyau, domin amincewar tana zuwa ne da iyaka: adadi kaza, a gora mai launi kaza, wani lokaci ma sai idan gorunan ba su wuce wani kaso na kasuwa ba. Mazuƙin da aka yarda da shi a gora mai launin ruwan ƙasa ko kore ba lallai a yarda da shi a gora fara garai-garai ba, saboda farar ita ce ake son mayarwa sabuwar gorar abin sha, kuma ita ce ƙaramin rini ke bayyana a jikinta.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowace masana'anta za ta iya yi da kanta a matsayin matakin farko. A niƙa gorunan da ke da mazuƙi dabam, a niƙa irinsu marasa shi dabam, a wanke, a shimfiɗa ɓarɓashin kowanne a faranti, a sa a tanderu mai zafin kusan digiri 220 na sa'a guda. Idan aka fitar aka ajiye su gefe da gefe a kan farar takarda a hasken rana, ido kaɗai yana nuna abu da yawa: na PET zalla yakan yi fari-fari kamar garin ƙanƙara, na mai nailan kuwa yakan fito da rawaya, wasu guntayen har da duhu a gefunansu. Mataki na gaba shi ne a cuɗa ɓarɓashin gwaji da na zalla, kashi 25 a wani rukuni, kashi 50 a wani, a narkar, a zuba 'yan alluna masu kaurin milimita 3, a auna hazo da launi da na'ura, musamman ma'aunin b* wanda ke nuna karkata zuwa rawaya. Muhimmin abu shi ne a yi gwajin da gorunan da suka riga suka tsufa, waɗanda mazuƙinsu ya ci oksijin ya ƙoshi, domin su ne za su isa wurin mai sake sarrafawa, ba sababbi ba.

Kula da shi a cikin masana'anta

Mazuƙi ba ya sanin bambancin oksijin da ke barazana ga abin sha da wadda ke yawo a ɗakin ajiya. Duk wadda ya samu ci yake yi. Saboda haka a bar shi a cikin jakarsa ta asali mai rufin alminiyam har lokacin amfani, a rufe ragowar nan da nan. PET yana bukatar busarwa a zafin digiri 160 zuwa 180 na sa'o'i huɗu zuwa shida kafin a narkar da shi, amma da yawa daga cikin mazuƙan ba a haɗa su da shi a injin busarwa, domin iska mai zafi za ta cinye ƙarfinsu tun kafin su shiga gora. Ana zuba su ne ta ma'auni na musamman a bakin injin narkarwa. A rage zafi da tsawon zaman roba a cikin injin gwargwadon iko, domin wuce gona da iri yana ƙara rawaya, yana kuma ƙara asitaldihaid, sinadarin da ke sa ruwa ɗanɗanon 'ya'yan itace da ba a so.

Sai batun lokaci. 'Yar bututun da ake hurawa ta zama gora, wadda ma'aikata ke kira firifom, tana da kauri, don haka mazuƙin cikinta yana lalacewa a hankali. Da zarar an hura ta, bangon ya yi siriri, iska ta same shi ta ciki da waje, agogo ya fara gudu da sauri. Mafi kyau shi ne a hura a ɗura a layi ɗaya, idan kuma ba zai yiwu ba, a rubuta ranar hurawa a kan kowane tari, a fara amfani da wanda ya riga zuwa, a kuma tsayar da iyakar kwanakin da gora za ta zauna babu komai a cikinta. Akwai kishiyar wannan matsala: wasu mazuƙan suna ɗaukar kwanaki kafin su farka su fara aiki, kuma tsawon wannan jinkiri yana iya sauyawa idan aka canza nau'in PET ko aka ƙara kason robar da aka sake sarrafawa, saboda ragowar sinadaran da ke cikinta suna iya dakushe kobalt. Wannan ya zama abin kula sosai yanzu da dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta wajabta kashi 25 na robar da aka sake sarrafawa a gorunan abin sha na PET daga 2025, da kashi 30 a dukkan gorunan abin sha na roba daga 2030. Duk lokacin da aka canza roba, a sake gwaji.

Yadda ake tabbatar da cewa yana aiki

Hanya mafi bayyana ita ce a manna wani ɗan ɗigo mai ƙyalli a cikin gora, a cika ta da ruwan da aka cire wa oksijin, a rufe da ainihin murfin da za a yi amfani da shi, sannan a riƙa haska ɗigon daga waje da na'ura ana karanta yawan oksijin ba tare da an buɗe ba. A jera goruna masu mazuƙi da marasa shi, aƙalla biyar-biyar, a riƙa rubuta sakamako kowane mako. Idan aka zana sakamakon a matsayin layi a kan takarda, layin gora marar mazuƙi yana hawa ne a miƙe tun daga makon farko. Na mai mazuƙi yana kwantawa kusa da sifili na tsawon watanni, sannan wata rana ya ɗaga kai ya fara hawa kamar ɗan'uwansa, kuma wannan gwiwar ita ce ranar da ya ƙoshi. Dole ne ta faɗo bayan ƙarshen wa'adin kayan, da tazara mai gamsarwa. Ana yawan gaggauta gwajin ta hanyar ajiye gorunan a ɗaki mai zafi, amma a yi hattara, domin zafi yana ƙara wa mazuƙi kuzari kamar yadda yake ƙara shigar iska, har ya nuna kyawun da ba zai nuna a cikin firji ba. Kayan da za a ajiye a sanyi a gwada su a sanyi. A ƙarshe a maimaita da ainihin abin shan, a auna bitamin C da launi, a kuma ba masu ɗanɗano su gwada ba tare da sun san wace gora ce wace ba.

Doka, da faranti da leda

Duk abin da zai taɓa abinci yana ƙarƙashin doka. A Tarayyar Turai akwai doka mai lamba 450/2009 da ta keɓanta ga marufi masu aiki irin waɗannan, da kuma mai lamba 10/2011 kan robobi, wadda ta ƙayyade cewa kobalt da zai ratsa zuwa abinci kada ya wuce miligiram 0.05 a kowane kilo. A Amurka hukumar FDA ce ke karɓar sanarwar sinadaran da ke taɓa abinci. A nemi takardun bin doka daga mai sayarwa na ƙasar da za a kai kayan, a kuma yi gwajin ratsawa a kan gorar da aka gama, ba a kan ƙwayoyin sinadarin kaɗai ba.

Ga masu faranti da leda, tunanin ɗaya ne, robar ce ta bambanta. Burin shi ne marufin ya zama kusan nau'in roba guda, folietilin zalla ko folifirofilin zalla, shingen EVOH ya zama siriri ƙwarai, domin yawancin ƙa'idojin sake sarrafawa suna jure shi ne kawai idan bai wuce kusan kashi 5 na nauyin marufin ba. EVOH yana rasa ƙarfinsa idan ya sha danshi, musamman bayan dafawa da tururi, kuma a daidai wannan lokaci ne mazuƙin ƙarfe ke farkawa, shi ya sa ake haɗa su. Ga busassun kaya, 'yar jakar garin ƙarfe da ake jefawa ciki tana barin ledar tsaf, muddin an rubuta gargaɗin kada a ci a jikinta, an kuma tabbata na'urar gano ƙarfe da ke kan layi ta yi la'akari da ita.

Akwai haɗari guda da ba a wasa da shi. Cire oksijin yana hana funfuna da ƙwayoyin cuta masu bukatar iska, amma yana buɗe hanya ga waɗanda ke bunƙasa inda babu ita, musamman Clostridium botulinum, mai fitar da dafi mai kisa. Wannan ƙwaya tana iya girma a abinci mai danshi marar tsami, wanda pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami, ya haura 4.6, kuma abincin yana iya zama da guba ba tare da ya canza kama ko wari ba, tunda alamun ruɓewar da aka saba gani an riga an danne su. Don haka duk wanda zai sa mazuƙi a marufin nama, kifi, dafaffen kayan lambu ko abinci mai madara, wajibi ne ya tabbata akwai wata kariyar da ke tare wannan ƙwaya, ko dafawa mai kashe 'ya'yanta, ko tsami, ko gishiri, ko sanyin da ba ya yankewa daga masana'anta har hannun mai saye, kuma masanin lafiyar abinci ya duba tsarin ya sa hannu kafin kayan su bar ɗakin gwaji.